Doki Nawa Kake Nema?

Da na zaro fulogi na farko daga injin motar Auta, ban san sanda salati ya kuɓuce mini ba. Fari fat, kamar an tsoma shi a toka. Na zaro na biyu, haka. Na uku da na huɗu ma haka, har na huɗun yana da wasu 'yan ɗige-ɗige masu ƙyalli a bakinsa. Wanda bai san inji ba zai ce ai tsabta ce. Mu da muka tsufa a gareji mun san farin fulogi yunwa ce: iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan, wuta ta koma cin ƙarfe. Ɗige-ɗigen nan kuwa fistin ne ya fara narkewa.

Auta ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, na ba shi shekara goma sha shida. Yana tsaye jikin ƙofar gareji, ya ɗora nauyinsa a kan ƙafar dama, don ta hagun akwai ƙarfe a ciki tun daga gwiwa har idon sawu.

"Yaya, lafiya?" in ji shi.

"Kai zan tambaya. Me ka ce tana yi?"

"Tari take yi. Amma sai na taka ta sosai, can sama."

"Sosai kamar yaya?"

Ya sosa ƙeya. "Kamar dai sosai."

Ƙarfen ƙafar nan shekara huɗu ke nan da saka shi. Akwai wani tsohon filin jirgi a bayan gari inda 'yan tsere suke haɗuwa ranar Asabar, kuma a lokacin Auta ne gwaninsu. Wani ɗan koyo ya haɗa masa inji, injin ya fashe yana tsakiyar gudu, baƙin mai ya kwararo ƙarƙashin tayoyinsa, motar ta yi ta juyi da shi har sai da ta gaji don kanta. Wata biyar ya yi a asibiti. A kan gadon nan ya yi alkawari a gabana da gaban matarsa, Maman 'Yan-biyu, cewa shi da tsere har abada. Na yarda da shi, don yana kuka ya faɗa.

Bana sai ga shi ya jawo mini wata tsohuwar mota mai silinda huɗu, wai in haɗa masa inji da turbo, abin nan mai tura wa inji iska da ƙarfi, ya riƙa ɗan ɗanawa a ƙarshen mako don ɗebe kewa. Na yi masa tambayar da nake yi wa duk wanda ya shigo garejina: doki nawa kake nema? Ba don gulma nake yin tambayar nan ba. Ƙarfin inji da doki ake auna shi, kuma kowane doki da abincinsa. Mai ba da abincin shi ne injekta, ɗan ƙarfen nan da bai wuce yatsa ba, mai fesa fetur a cikin silinda. A inji irin wannan lissafina ba ya canzawa: kowane doki ɗaya, si-si biyu na fetur a minti daga kowane injekta. Da wannan lissafin injekta zai yi aiki kashi tamanin cikin ɗari, sauran ashirin ɗin ya huta. Shi ya sa nake gaya wa masu mota, ranar wanka ba a ɓoyon cibi, duk wanda ya rage mini lamba kansa ya cuta.

Auta ya ce ɗari uku. Na rubuta da alli a jikin bango, ɗari uku sau biyu, ɗari shida. Na saka masa injekta huɗu masu si-si ɗari shida, na daidaita ƙwaƙwalwar motar, 'yar kwamfutar nan mai raba mai, ya ja abarsa yana washe baki. Yau sati uku ke nan, ga fulogi ya dawo fari.

"Bar mini ita," na ce masa. "Jibi ka dawo."

"Jibi Juma'a ke nan?"

"Idan Asabar ce fa? Wani abu za ka yi ranar Asabar?"

"A'a. Ba komai." Ya ɗingisa ya fita, bai ko tsaya ɗaukar hularsa da ya ajiye a kan benci ba.

Zargina na farko a kan Gajere ya sauka, mai shagon kayan gyaran da na sayi injektocin a wurinsa. Kasuwar nan ta lalace, kwali na gaske, tambari na gaske, abin ciki kuwa Allah kaɗai ya san a bayan gidan wa aka ƙera shi. Na kwance su huɗun, na ƙunshe a tsumma, na tsallaka titi. Shagon Gajere wani ɗan lungu ne da mutum biyu ba sa gilmawa a ciki, kantoci har rufi, shi kuma yana zaune a kan doguwar kujera don kansa ya leƙo saman kanta.

"Likita bokan inji!" Haka yake kirana. "Wa ya mutu?"

Na zube masa tsumman a gaba. "Kai za ka kashe. Me ka sayar mini?"

Ya ɗauki ɗaya, ya juya shi, ya karanta lambar jiki. "Ɗari shida ka ce, ɗari shida na ba ka."

"A rubuce."

"Haba Likita. Shekara ashirin muna tare, yau ni kake yi wa kallon ɓarawo? Ba kana da na'urar awo ba? Je ka auna. Idan ɗaya ya gaza ko da cokali guda, ka dawo ka kulle shagon nan da hannunka."

Na tattara kayana zan fita, sai na ji ya ce, "Ni abin da ya ɗaure mini kai tun ranar, kai da kullum kake hawa mataki ɗaya. Baƙo ya ce maka ɗari uku, ka sai masa ɗari bakwai da hamsin, ka ce gara rigar ta yi masa yawa. Ɗan'uwanka kuma ka yanka masa cif-cif."

"Ina ruwanka?"

"Ba ruwana." Ya kawar da kai yana jera kwalayen da suke a jere. Gajere ba ya iya riƙe magana, idan ya riƙe sai ta fito masa a fuska. Na lura da hakan, amma fushi bai bar ni na tsaya ba.

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi mini zafi. Kwana biyu kafin in sayi injektocin, Maman 'Yan-biyu ta zo gareji da hantsi, ita kaɗai, ta tsaya daga bakin ƙofa don kada baƙin mai ya ɓata mata takalmi. Yarinyar kirki ce, tun da aka kawo ta gidanmu ba ta taɓa ɗaga ido ta kalle ni ba. Ta ce, "Yaya, ni ban san inji ba. Amma na san ƙanenka. Don Allah kada ka saka masa abin da zai ba shi damar gudu. Ka ɗaure shi ta inda ba zai gani ba." Na ce ta kwantar da hankalinta. A raina na ce ai ga igiya a hannuna, in ba shi abincin doki ɗari uku daidai, ko yana so ko ba ya so a nan zai tsaya.

Na koma gareji na jera injektocin a kan na'urar awo. Na'urar tana da kwalabe huɗu dogaye masu zane-zanen lamba, kowane injekta yana fesawa a cikin tasa. Na kunna, na sa ido a agogo, rabin minti na kashe. Kowace kwalba ta tsaya a kan ɗari uku, ba wadda ta ɗara wata. Ɗari shida ke nan a minti. Na zubar na sake, don ina so wallahi ɗaya ta gaza. Ba ta gaza ba. Gajere ya fita daga zargi, ni kuma na ci mutuncin mutum a banza.

To wa ya rage? Na auna famfon mai, lafiyarsa lau. Na ɓalle filta na hura, ba datti. Na zari fetur daga tanki na zuba a kwalba na ɗaga wa rana ko an haɗa shi da ruwa, garau. Daga nan zargin ya juyo kaina. Na tsaya gaban bango ina kallon allin da na rubuta, na saka tabarau, na cire, na sake ninka ɗari uku sau biyu kamar ɗan aji ɗaya. Idan mutum ya haura hamsin, har abin da ya sani tun yana saurayi sai ya fara yi masa kallon baƙo.

Washegari na mayar da komai, na saka sabbin fulogi, na fita da motar kan babbar hanya. Na taka ta iya ƙarfina har gwiwata ta yi ƙara. Allurar turbo ta hau ta tsaya daidai inda na ɗaure ta, inji yana kuka mai daɗi, ko tari ɗaya. Na tsaya a gefen hanya na zaro fulogi yana ƙona mini yatsu, launin ƙasa-ƙasa, irin na inji mai ƙoshi. A hannuna lafiya, a hannun Auta ciwo. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Na dawo na jona kwamfuta da ƙwaƙwalwar motar, na buɗe abin da ta adana na kwanakin baya. Tafiyata ta yau, injekta bai wuce kashi saba'in da tara ba. Na koma baya. Asabar da ta wuce, ƙarfe huɗu da 'yan mintoci na yamma, ɗari bisa ɗari. Asabar da ta gabace ta ma haka. Injektocin sun buɗe baki gaba ɗaya ba rufewa, suna ba da duk abin da suke da shi, injin kuma yana neman ƙari. Doki ɗari uku ba ya cin wannan abincin. Akwai wasu dawakin da ban san da su ba.

Na ɗauko fitila na shiga bin injin tiyo-tiyo. Ni bahago ne, kuma duk kilif ɗin da na ɗaura a rayuwata kan kusarsa hagu yake kallo, don ta nan hannuna yake shiga. Na ƙirga su, goma sha bakwai suna kallon hagu. Can ƙasa, a kan siririn tiyon da yake hana turbo wuce iyaka, akwai guda biyu da ban san su ba, duka suna kallon dama. An yanke tiyon an sake haɗa shi da wani ɗan bututu. A nan ake soka ɗan bawul mai marfin murɗawa, wanda yake yaudarar turbo ya yi ta tura iska fiye da yadda aka ɗaure shi. An saka shi, an yi abin da za a yi, an cire kafin a kawo mini motar, wai ni za a mayar ɗan fari.

Da ido ya buɗe sai komai ya fito. Cikin kaskon tayoyin baya duk burbushin roba ne da ta narke ta manne. A jikin ƙofar direba, idan ka karkata kai haske ya bugi fenti, ga sawun gam mai kusurwa huɗu, inda aka liƙa lamba aka ɓare. Na zauna a kan tsohuwar taya. Na ji haushi, amma tsoron ya fi haushin yawa.

Ranar Juma'a da safe ya shigo da sallamarsa, har da tambayata kwanan iyali. Na jera fulogin nan huɗu a kan bonet, na ajiye kilif biyun a gefensu.

"Waɗannan na waye?"

Ya kalle su. "Kilif ne, Yaya."

"Na gode da ka gaya mini, da cewa nake ɗan kunne ne. Ina bawul ɗin?"

Ya sunkuyar da kai. Na ɗauka zai rantse, na ma shirya abin da zan jefe shi da shi idan ya rantse. Sai ya sa hannu a aljihu ya fito da shi, ɗan abu ja kamar murfin kwalba, ya ajiye kusa da fulogin.

"Gajere?" na ce.

"Na roƙe shi kada ya faɗa."

"Kai, Auta! Ka tsaya a gabana, ka kalli tsabar idona, ka ce ɗari uku? Ka san abin da waɗannan ɗige-ɗigen suke nufi? Saura ƙiris fistin ya huje. Ya huje kana gudun ɗari biyu, baƙin mai ya zubo a kan tayarka. Ko ka manta yadda abin yake? Ƙafa ɗaya ba ta ishe ka ba, so kake a kawo mana kai a cikin bargo?"

"Da na ce maka ɗari huɗu, za ka taɓa motar?"

"Ba zan taɓa ba!"

"To ka gani." Bai ɗaga murya ba, ya dai jingina da motar don ya sauke wa ƙafar nauyi. "Na yi maka ƙarya, Yaya, ban musa ba. Amma tun ina ɗan shekara goma nake miƙo maka sifana a garejin nan. Ban taɓa ganin ka rubuta lamba a bango ka sayi daidai ita ba. Kullum sai ka ƙara. Cewa kake mutum ba ya faɗin gaskiyar abin da ƙafarsa za ta yi. Baƙo ka ƙara masa don kada ya mutu. Ni da na buɗe bonet na ga ɗari shida, na san ɗaure ni ka yi."

"Don kada ka mutu na yi!"

"Ƙaramin injekta yana hana turbo tura iska?"

Ba ya hanawa. Na sani sarai. Ni na koya masa. Ƙaramin injekta ba ya rage gudu, abinci kawai yake ragewa, injin ya ci gaba da gudu da yunwa har ya cinye kansa. Na faɗa wa mutane wannan ya fi sau dubu. Da abin ya zo kan ɗan'uwana sai na manta, na ɗauki abin da zai kashe shi na kira shi igiya. Laifi tudu ne, kwana biyu ina taka nawa ina hangen na Gajere.

"Ka bar tseren nan," na ce. Wannan karon roƙo ne.

"Na gwada, shekara huɗu. Kullum Asabar ina zaune a gida ina jiyo kukan injinansu daga nesa. Wallahi Yaya ji nake kamar an binne ni da rai." Ya ɗauki bawul ɗin ya mayar aljihu. "Gobe ne na ƙarshen zango, kuma sunana yana ciki. Idan ka riƙe motar, akwai wanda ya ce zai ara mini tasa. Idan ka ba ni ita a haka, zan tafi a haka."

"Wa ya haɗa injin wanda zai ara maka?"

Ya faɗi laƙabin mutumin. Shi ne ɗan koyon nan na shekara huɗu da suka wuce, yanzu ya buɗe garejinsa.

Na zagaya motar sau biyu. Na yi tunanin in zare mata ƙwaƙwalwa in jefa a rijiya, na yi tunanin in kira matarsa yanzu-yanzu. Duk inda na bi, ƙarshensa Auta ne a filin nan gobe, ko a cikin injin da na haɗa, ko a cikin na wancan. Fistin da sandunan da na saka masa za su ɗauki ɗari biyar ma, don ban iya rabin aiki ba. Abu ɗaya na tauye, kuma da gangan na tauye shi.

Na ɗauki alli, na goge tsohon lissafin da gefen hannu.

"Doki nawa kake nema?"

"Yaya..."

"Tambayarka nake. Kuma idan ka rage mini ko ɗaya, Allah ya isa."

"Ɗari huɗu da ashirin."

Na rubuta. Sau biyu, ɗari takwas da arba'in. Na ja layi a ƙasa na rubuta dubu.

Da na tsallaka zuwa shagon Gajere, kafin in buɗe baki ya sunkuya ƙarƙashin kanta ya ɗauko kwali ya tura mini. Masu si-si dubu ne, guda huɗu.

"Tun ranar da ya sayi jan abin nan na ajiye maka," in ji shi.

"Ka yafe mini maganar shekaranjiya."

"Wace magana? Likita, je ka yi aikinka."

Na auna su a na'ura duk da haka, hali zanen dutse. Na saka su ɗaya bayan ɗaya, na karɓi bawul ɗin daga hannun Auta na ɗaura shi da kaina, kilif yana kallon hagu. Na tura shi ya samo fulogi masu jure zafi, ni kuma na zauna da kwamfuta ina sake koya wa ƙwaƙwalwar motar yadda za ta ciyar da dawakin da aka ɓoye mini.

Ina cikin haka inuwa ta rufe mini haske. Maman 'Yan-biyu ce a bakin ƙofa, daidai inda ta tsaya wancan karon, 'yan matan nata biyu suna riƙe da gefen mayafinta da kayan makaranta a jikinsu. Ta gaishe ni har ƙasa. Ta ce Auta ya gaya mata motar ba ta da lafiya, shi ne ta biyo ta ji. Idonta ya sauka a kan sabon kwalin da ke kan benci, sannan ya koma bango. Ba ta san inji ba, amma ta san dubu ta fi ɗari shida.

"Yaya, waɗannan ma ƙananan ne?"

Ƙarya ta zo mini har bakin leɓe, mai sauƙi, wadda za ta kai ta gida da kwanciyar hankali har zuwa gobe da yamma. Shekara talatin ina zagin mutane a kan rage lamba.

"Manya ne," na ce. "Gobe zai yi tsere. Ba yau ya koma ba, sati uku ke nan. Ƙananan da na saka su ne suka kusa kashe shi."

Na jira ta yi kuka ko ta yi faɗa, da na fi son hakan. Sai ta ɗago kai, karo na farko tun da na san ta, ta kalle ni ido cikin ido.

"Shi na san zai karya alkawari," ta ce. "Shi ya sa na zo wurinka."

Ta kama hannun 'ya'yanta suka juya. Ƙaramar, wadda ta zo duniya daga baya da minti goma, ta waiwayo tana ɗaga mini hannu. Na ɗaga mata nawa da sifana a ciki. Da suka sha kwana na koma kan injin, na bi kilif ɗin nan ɗaya bayan ɗaya ina sake matse su, duk da na san a matse suke.